Abin da gadar Kennedy ta koya mini game da rezo

Aikina a Yamai shi ne auna rezo, wato sabis ɗin wayar salula. Mukan ɗora wayoyin gwaji da kwamfuta a mota, mu bi titunan gari da kira a buɗe, muna lura da inda waya ke sakin eriya ɗaya ta kama wata. Mai magana ba ya jin wannan miƙa kiran, amma rezo na jin nauyinsa. A tsarin GSM, wato 2G, waya na aika rahoton ƙarfin eriyoyin da ke kewaye da ita kusan kowane rabin daƙiƙa, kuma sai an ware mata gurbi a sabuwar eriya kafin ta saki tsohuwa.

A gadar Kennedy abin ya fi fitowa fili. Da safe mutanen Harobanda, unguwar da ke ƙetaren kogi, na tsallakowa zuwa ofisoshi da Babbar Kasuwa, ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni kuma na nufar wancan ƙetaren. Kogin Isa fili ne fetal, babu ginin da zai tare sigina, don haka wayar da ke tsakiyar gada na jin eriyoyin gaɓa biyu da ƙarfi kusan ɗaya. Sai ta shiga kai-komo: ta kama wannan, ta saki, ta dawo. Idan motoci suka cunkushe, wayoyi da yawa ne ke wannan safa da marwa lokaci guda, eriya ta cika alhali masu kira ba su ƙaru ba.

Ba mu kafa sabon turke ba. Mun sunkuyar da kan eriyoyin bakin ruwa kaɗan, muka kuma sa sharaɗin sai sabuwar ta fi tsohuwa ƙarfi da tazara, ta kuma ɗore haka na ɗan lokaci, kafin a miƙa. Tazarar nan na son awo. In ta yi yawa, waya na liƙe wa eriya mai nisa, kuma a 4G mai raunin sigina ya fi cin rabon eriya kafin ya sauke bidiyo guda.

Ina cikin masu goyon bayan a keɓe gurabe don kiran da ke tafe a hanya. Gara a hana sabon kira shiga da a katse wa mutum magana yana tsaka da kwatanta hanyar asibiti.

Yanzu ba na yarda da lissafin yini guda dunƙule. Awa-awa nake duba kowace eriya, na kuma ware ranar Juma'a daban, saboda bayan sallah jama'a na watsewa daga masallaci a tare, wayoyinsu na neman sababbin eriyoyi cikin mintoci kaɗan.