Asabar a Argungu: ɗan masunci da 'yar Alhaji

Da hantsi matasan wata ƙungiyar wasan kwaikwayo suka kawo labarin fim ɗin soyayya a duba musu, fitowa 60 a rubuce. Ɗan masunci ne daga bakin kogin Matan Fada yake son 'yar wani attajirin dillalin shinkafa. Labari na tafiya daidai har fitowa ta 50, sai kwatsam aka gano wai yaron ɗan sarauta ne da ya ɓata tun yana goye. Nan labarin ya mutu. In sai da asalinsa ya canza aka ba shi ita, to uban ne mai gaskiya tun farko, ita kuwa yarinyar ba ta zaɓi komai ba.

Marubucin ya ce, "Malam, ai masu kallo biki suke so a ƙarshe." A yi bikin mana, amma a bar ango da homarsa da gorarsa.

Sun kuma ɗauka kuɗi ne kaɗai katangar. A nan in an tashi binciken manemi, abin da ake fara tambaya shi ne ɗan gidan wa ne, mece ce sana'ar gidansu. Mahauci ko wanzami na iya fin malamin makaranta samu, a hana shi a ba malamin. Kuma Alhajin labarin ba zai iya fakewa da addini ba: a Malikiyya addinin mutum da kuɓutarsa daga aibu ake dubawa wajen dacewa, mafi ƙarancin sadaki kuma rubu'in dinari ne. Ƙarfinsa yana wajen walicci, don shi ke aurar da budurwa. Sauran yaƙin na gwaggon yarinyar ne, ita ce za ta kawo zancen akwatunan lefe da abin da dangi za su ce.

Bambancin matsayi a hoto ake nuna shi, ba a baki ba. Wa ke kan kujera, wa ke kan tabarma? A ina saurayin ya tuɓe takalmi? Minti nawa maigadi ya bar shi a bakin get? Fim ɗin Titanic na 1997 da matakala da ƙofofin ƙarfe ya raba masu ajin farko da 'yan aji na uku, kuma Jack, jarumin fim ɗin, da talaucinsa ya mutu. Inda finafinanmu ke zamewa shi ne sutura: jarumi ya ƙi rabuwa da shaddarsa mai maiƙo, a sa shi cikin kwalekwale da hannu sumul kamar bai taɓa jan igiya ba.

Bayan Azahar aka koma kan yarinyar. Duk fitowarta kuka ne ko aiken saƙo ta hannun ƙanwa. Sai an ga ta yanke hukunci da kanta, an kuma ga abin da ya jawo mata. Ta mayar da toshin ɗan abokin babanta, a ƙwace mata waya, a dakatar da kuɗin makaranta, a tura ta Jega wurin inna. Guduwa daga gida kuwa araha ce, kuma nan take masu kallo ke komawa bayan uban.

An cire zancen ɗan sarautar daga labarin. Gwaggo ta samu fitowa uku, ɗaya a zaure ranar da 'yan neman aure suka zo da goro.