Ƙarin da ya ɓace cikin kwana biyar

Ban cika shekara da fara aikin likita ba aka kawo mana wani dattijo yana haki, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ɗansa ya ce wata guda ke nan Baba a zaune yake kwana, da ya kishingiɗa sai numfashi ya sarƙe. Yana da hawan jini, amma tun azumi rabonsa da magani.

Na tura a yi masa hoton ƙirji. Ina ɗaga hoton sai ga wani farin dunƙule kamar ƙwan kaza a tsakiyar huhun dama. Gabana ya faɗi. Na ja ɗan nasa gefe na ce masa ina zargin ƙari ne, wataƙila ma ciwon daji.

Washegari babban likitanmu ya zo zagaye. Ya dubi jijiyar wuyan Baba da ta cika fam, ya saurari ƙirji, sannan ya juyo: "Likita, ina hoton gefe?" Ban sa an ɗauka ba. Da aka ɗauko, abin ya fito da siffar ƙwallon dabino, tsakiya kauri, baki biyu tsini, kwance a kan tsagar da ta raba sashen sama da na tsakiya. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu. Ba ƙari ba ne, ruwa ne: idan zuciya ta gaza tura jini, kamar yadda ta Baba ta yi, ruwa kan tsattsafo ya taru, galibi a ƙasan ƙirji. Amma wanda tsohon ciwo ya manne masa tantanin huhu da bangon ƙirji, ruwan kan rasa wurin zama ya maƙale a tsagar. Ashe Baba ya yi tarin tibi yana saurayi. Ban ma tambaya ba.

Muka fara allurar furosemide, maganin da ke sa fitsari, aka rage masa gishiri, kullum da safe sai ya hau sikeli, muna kuma duba ƙoda da sinadaran jini. Kwana biyar ya sauke kilo huɗu. Aka sake hoto, babu dunƙule babu alamarsa.

Ɗan ya daɗe yana kallon hotunan biyu, sannan ya ce, "Likita, har mun sa gona a kasuwa." Na ba shi haƙuri, na kasa haɗa ido da shi.

Bayan wata bakwai Baba ya sake sakin magani, dunƙulen ya dawo daidai wurinsa na da. Sai da na ga hoton gefe, na tambayi sau nawa yake shan maganinsa, sannan na kira ɗan muka zauna.