Sana'ata karanta lafiyar sabar tantancewa

Kusan duk babbar ma'aikatar da ke da intanet na cikin gida tana da wata kwamfuta da ba kowa ke ganinta ba, aikinta kawai ta ce wa mutum shiga ko kada ka shiga. In ka buga sunanka da kalmar sirri don hawa wayales ɗin ofis, ko ka kunna VPN, hanyar sirri ta shiga intanet ɗin ofis, daga gida, wurinta tambayar take zuwa. Sabar tantancewa ke nan. Mai gadin ƙofa ce: ranar da ta kwanta ciwo, sauran na'urori lafiyarsu lau, amma babu mai iya kaiwa gare su. Ƙaramin kamfanina ba ya sayar da na'ura. Muna auna wannan sabar dare da rana, mu zana abin da muka auna a jadawali, mu zauna mu karanta.

Yawancin sabobin da muke kula da su da RADIUS suke magana, tsarin tambaya da amsa na tantancewa da kamfanin Livingston ya fito da shi a Amurka a 1991, aka tsayar da ƙa'idarsa a RFC 2865 a shekarar 2000. Buƙatun shiga ta ƙofa 1812 suke bi, lissafin zaman mutum kuma ta 1813. A bayan RADIUS galibi akwai kundin sunaye, LDAP ko Active Directory, inda ake ajiye asusun kowa. Ciwon sau da yawa a can baya yake, amma a gaba ake jin kukansa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu yin wannan aikin da araha. Mutum ya sauke Grafana, manhajar zana jadawali, ya kwafo allon da wani ya tsara, ya sa fitila kore mai nuna cewa sabar tana amsa ping, wato ɗan saƙon "kana nan?", shi ke nan ya zama gwani. Ping ba abin da yake gaya maka sai cewa injin a kunne yake. Na sha tarar da fitilar nan kore shar alhali babu ma'aikaci ko ɗaya da ya iya shiga tun safe. Mu asusun gwaji muke buɗewa, wanda ba shi da ikon taɓa komai, mu sa shi yana shiga kowane minti da manhajar gwaji radtest ko eapol_test, ta hanyar da mutum na gaske yake bi, mu auna tsawon lokacin da amsa ta ɗauka.

A wajen maigidana na koyi aikin, lokacin da MRTG da RRDtool, manhajojin adana awo da zana jadawali na Tobias Oetiker, ne abin hannun kowa. Na farko ya fito a 1995, na biyu a 1999. Maigidana mutum ne mai ƙarancin magana. Sai ya buga jadawalin mako guda a takarda, ya rufe sunayen ranakun da hannu, ya ce, "Yaro, nuna mini ranar hutu." Tun ina zare ido har na fara ganin yadda layin ke tashi da safe in ma'aikata sun iso, ya ɗan lafa da rana, ya kwanta da dare. Ya kan ce sai na san kamannin lafiya kafin in gane ciwo. Har yau haka nake koya wa yarana na aiki, kuma ba na yarda mu saka ƙararrawa a sabon wuri sai mun kalli layukansa na 'yan makonni mun san halinsa.

Layuka huɗu ne farkon abin da nake zanawa a allo ɗaya: buƙatun da suka shigo, waɗanda aka amince da su, waɗanda aka ƙi, da tambayoyin da sabar ta mayar. Na ƙarshen nan yana ruɗa sababbin shiga. A wayales mai amfani da EAP, tsarin tantancewa na mataki-mataki, shigar mutum ɗaya kai-komo ce mai yawa tsakanin waya da sabar kafin a ce an amince, don haka yawan buƙatu ba shi ne yawan mutane ba. Adadin waɗanda aka ƙi shi kaɗai ma bai cika faɗin gaskiya ba, kasonsu cikin ɗari nake bi. In ya tashi a hankali bayan an tilasta wa ma'aikata canza kalmar sirri, wayoyi ne ke ta gwada tsohuwar. In ya yi tsalle cikin dare daga na'ura ɗaya, wani ne ke laluben kalmar sirri. In kuwa ya haura gaba ɗaya a dakika guda, satifiket nake fara dubawa, wato shaidar da sabar ke nuna wa na'urori, mai wa'adin ƙarewa. Shi ya sa kwanakin da suka rage wa kowane satifiket suna da nasu layin, yana gangarowa kullum a gaban idon kowa.

Amma layin da na fi ƙauna shi ne na buƙatun da aka maimaita. RADIUS a kan UDP yake tafiya, babu tabbacin isar saƙo, saboda haka in na'urar wayales ta jira ba ta ji amsa ba sai ta sake turo tambayar. Da zarar LDAP ya fara jan ƙafa, wannan layin ne ke fara ɗagawa, tun kafin wani ya kira ya yi ƙorafi. Maimaicin kuma ƙarin kaya ne a kan sabar da ta riga ta gaji, layin jira ya cika, a fara zubar da buƙatu. FreeRADIUS, manhajar sabar RADIUS, wanda Alan DeKok da Miquel van Smoorenburg suka fara a 1999, yana ba da waɗannan alƙaluma ta hanyar tambayar Status-Server, in an kunna ta. Masu araha ko kunna ta ba sa yi.

Lokacin amsa ma yana da tarko. Matsakaici yana ɓoye wahala: in mutum casa'in da biyar sun shiga nan take, biyar kuma suka jira har suka gaji, matsakaicin zai fito da kyau. Waɗannan biyar ɗin nake zanawa. Kuma ina raba lokacin amincewa da na ƙi, domin FreeRADIUS da gangan yake jinkirta amsar ƙi da dakika ɗaya don ya rage wa masu lalube gudu. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai yi ta neman cutar da babu ita.

Shi kansa zanen yana iya yin ƙarya. Ma'auni mai bit 32 na SNMP, hanyar da ake ɗibar alƙaluma daga na'urori, in ya kai 4,294,967,295 sai ya koma sifili, kuma in aka sake kunna sabar ma haka yake yi. RRDtool in an ba shi nau'in COUNTER zai ɗauka zagayowa ma'aunin ya yi, ya zana wani tsini da ya danne komai na wannan watan. Nau'in DERIVE muke sawa, mu hana shi sauka ƙasa da sifili. Haka kuma yana matse tsofaffin alƙaluma don kada fayil ya girma, sai cunkoson minti biyar ya narke a jadawalin shekara. Dole a ce masa ya ajiye mafi girman adadi tare da matsakaicin. Prometheus, sabon ma'ajin alƙaluma da muke amfani da shi yanzu, ya sauƙaƙa wasu daga cikin waɗannan, amma idon mai karatu bai canza ba.

Wani mai kamfani ya taɓa zaunar da ni yana ta neman ragi. "Injiniya, wata shida ba abin da ya lalace, me nake biya?" Na ce, "Ranka ya daɗe, bari ka gani." Na buɗe masa jadawalin sabobinsa biyu. A wata rana layin ta farko ya faɗi ƙasa, na ta biyu ya ninka, jimillar ba ta motsa ba ko kaɗan. Babu wanda ya ji a jikinsa, amma daga wannan lokacin da ƙafa ɗaya yake tsaye, kuma a ranar muka gyara. Masu zana jimilla kaɗai ba za su taɓa ganin wannan ba. Ya kalla, ya yi shiru, ya sake neman ragin.

Agogo ma muna zana shi. Kerberos, tsarin tantancewar da Active Directory ke amfani da shi, a tsarinsa na asali ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti biyar tsakanin na'urori, saboda haka karkacewar agogon kowace sabar tana da layinta, kuma muna taro ta tun tana dakiku.

Akwai sharuɗɗa biyu da ba na sassautawa ko nawa za a biya. Alƙaluma kawai muke ɗiba, kalmar sirrin kowa ba ta shiga ma'ajiyarmu. Sannan allon sa ido ba zai dogara da sabar da yake sa wa ido ba. Na ga wuraren da aka haɗa shi da ita don sauƙi, ranar da ta faɗi injiniyoyi suka tsaya cirko-cirko sun kasa buɗe jadawalin da zai gaya musu abin da ya faru. Namu yana kan injinsa daban, da asusunsa na gaggawa, ƙararrawarsa kuma ta wata hanya take fita.