Zuwa ga masu jan tabon haihuwa: ko an girma leza tana taimakawa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ina gaisuwa daga nan ƙasar waje, da fatan kowa lafiya.

Maganar jan tabon nan da ake haifar mutum da shi a fuska ko wuya nake so mu yi, wanda a fatar mai haske yake fitowa jawur, a fatarmu kuma yakan yi duhu-duhu ya ɗan ja shuɗi. Ni ma ina da shi a kumatu, shi ya sa abin ya dame ni. Ba cuta ce da ake ɗauka ba kuma ba laifin uwa ba ne, ƙananan jijiyoyin jini ne na cikin fata suka buɗe fiye da ƙima, a 2013 masana suka gano wani ɗan canji ne a ƙwayar halitta mai suna GNAQ, kuma ba gadonsa ake yi ba. Kusan jarirai 3 cikin 1,000 ake haifa da shi. Gorbachev, shugaban tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ma shi ne a goshinsa.

Abin da yake min ciwo shi ne yadda ake cewa babba ai ka makara, haƙuri kawai. Toh gaskiya ne an fi samun nasara in an fara magani da leza tun jariri yana ƙarami, amma tabon nan baya zama yadda yake, da shekaru yana ƙara duhu, yana kauri, wani ma ƙuraje-ƙuraje suke fito masa da suke zubar da jini in an ɗan taɓa, don haka babba yana da dalilin neman magani wanda ya wuce maganar kyau kawai.

Leza na'ura ce mai harba haske mai ƙarfi, wadda aka fi amfani da ita ana ce mata PDL, haskenta mai tsawon nanomita 595 jinin cikin jijiyar ne yake shanye shi, sai jijiyar ta yi zafi ta toshe, fatar sama kuma ana fesa mata sanyi don kar ta ƙone. Ana sa maka kariya a ido, kana jin tas tas kamar ana tsinka maka roba a fata, bayan an gama wurin yakan yi tabo-tabo baƙi kamar an buge ka, sai sati ɗaya zuwa biyu ya washe. Kuma ba sau ɗaya ake yi ba, ana ta komawa bayan kowane sati 4 zuwa 8, galibi tabon raguwa yake yi, ɓacewa gaba ɗaya ba kasafai ba, wani lokacin ma bayan shekaru ya ɗan dawo. Na gefen fuska da wuya sun fi jin magani, na tsakiyar fuska da hannu da ƙafa sun fi taurin kai.

Don Allah ku riƙe wannan, mu masu baƙar fata sinadarin da yake ba mu launi shi ma yana shan hasken lezar, in mai yin aikin bai saba da irin fatarmu ba sai ya ƙona ka ko ya bar maka fari-fari ko baƙi wanda ya fi na da muni. Ka nemi likitan fata na gaske, ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yi wa mai irin fatarka, ka ce a fara gwadawa a ɗan wuri ƙarami a jira a ga yadda zai warke. Akwai wata lezar Nd:YAG mai tsawon nanomita 1064 da take shiga ciki sosai, ana amfani da ita wa tabon da ya yi kauri, amma ita ma tana iya barin tabo in ba a yi hattara ba. Man shafawa na ƙara haske kuwa ba ya isa inda jijiyoyin suke, kar ku wahalar da fatarku.

In tabon ya taɓa goshi ko fatar ido, a je a auna ido saboda hawan jinin ido wato gilakoma, in kuma akwai farfaɗiya a gaya wa likita, don akwai wata lalura da ake kira Sturge-Weber da take zuwa tare da shi.

Allah ya ba mu lafiya, a gaida mutanen gida.