Faɗin layi: abin da na koya a aikin littattafan 'yan firamare

A ƙarshen watan jiya na ajiye aiki a kamfanin da nake shirya wa littattafan aiki na 'yan firamare a nan Kano. Masu tambayata dalili sun yi yawa, gara in faɗa sau ɗaya.

Tushen maganar littafin Hausa ne na aji ɗaya. Shafi 64 muka tsara shi bisa manhajar NERDC, hukumar tarayya mai tsara manhajar makarantu: wasula tukuna, sai baƙaƙe, sai gaɓoɓi. Kowane shafi harafi ɗaya, da ɗigo-ɗigon da yaro zai bi da fensir, da layuka masu faɗi a ƙasa. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma bar kasuwa ta yanke darajar naira a Yuni, takarda ta yi tashin gwauron zabi, domin daga waje ake shigo da yawancinta, masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa wadatar da kowa. Wannan ban musa ba. Sai manajanmu ya ce a cire ninki guda, wato shafi 16, littafi ya koma shafi 48.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a rage darasi, amma kada a taɓa layi." Ya ce, "Malama, iyaye ba farar takarda suka zo saye ba. A matse." Aka matse, aka cusa harafi biyu a shafi, aka kuma buga a takarda mara kauri.

Tsakiyar zango na leƙa wata makaranta da ta saya. Akwai wata yarinya a bencin gaba, fensirinta bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ta dunƙule shi a hannu tana rubuta "a". Harafin ya cinye layi biyu. Ta duba, ta ga bai yi kama da na sama ba, ta lashi yatsa ta goge, takarda ta huje. Ta sa tafin hannu ta rufe wurin don kada malama ta gani. Ɗan shekara shida da dukan hannunsa yake rubutu, yatsunsa ba su riga sun saba ba, saboda haka wannan farin filin da manaja ya kira asara shi ne ainihin abin da ake sayarwa. Duk wanda ya buɗe littattafan koyon karatu na Mu Karanta da aka raba a Bauchi da Sakkwato da tallafin USAID, hukumar agaji ta Amurka, ya ga yadda suka yi haruffa manya-manya, kuma ba don takarda ta yi musu yawa ba.

Da makarantu suka fara ƙorafi, aka kira taro. A gaban kowa manaja ya ce edita ce, wato ni, ba ta san aikinta ba. Takardar da na rubuta masa tun farko kan maganar layin tana cikin jakata, ban fito da ita ba, don ba na son tsinka babba a bainar jama'a. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Ga mai shigowa aikin nan: duk umarnin da ka san zai cuci yaro, ka nemi a ba ka shi a rubuce, ka kuma tabbata wani ya gani.

Sauran shawarwarin ba su da tsawo. Umarnin saman shafi malami ne zai karanta, yaron bai iya ba tukuna, to a rubuta shi yadda za a faɗa da baki. A zana akuya da tulu da kwarya, abin da yaro ya sani. A duba ɓ da ɗ da ƙ kafin a kai maɗaba'a, don wasu haruffan kwamfuta ba su da su. Kada a buga shafin da yara ba su gwada ba.

Na ji an mayar da bugu na gaba shafi 64, da layukan da na tsara. Sunana dai ba ya ciki.