Hancin Blenheim da bindigoginsa

Ina cikin rubuta kundin kammala digiri a kan filin jirgin saman Kano zamanin Yaƙin Hitila, malamina ya miƙo mini wasu tsofaffin hotuna, ya ce in rubuta bayanin kowanne. Uku daga ciki jirage ne masu injin bibbiyu. Na rubuta "Blenheim, jirgin jefa bama-bamai na Ingila" a ƙarƙashinsu duka, na kai masa. Ya duba ya ce, "Wane Blenheim ɗin, ɗana? Ai ba ɗaya ba ne." Na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni mako guda."

Jirgin ba baƙo ba ne a Kano. Tun daga Satumbar 1940 aka riƙa kawo jirage a akwatuna ta teku zuwa Takoradi da ke Ghana ta yanzu, a harhaɗa su, su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri da Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) har Khartum da Alƙahira. Blenheim kan zama madugun ayarin, domin yana ɗauke da mai duba taswira, ƙananan jiragen Hurricane masu mutum ɗaya suna biye da shi.

Abin da na fara koya shi ne a dubi hanci. Samfurin farko, Mark I, wanda ya shiga aiki a 1937, hancinsa gajere ne, a dunƙule, kusan duk gilashi. Na Mark IV an ja shi gaba don mai taswira ya samu wurin zama da teburinsa, aka kuma rarake saman gefen hagu domin matuƙi ya ga ƙasa idan zai sauka. Wannan lotsawar ta gefe ɗaya, idan ido ya saba da ita, ko hoton ya dushe sai ka gane ta.

Bindigogin ne suka wahalar da ni. Da farko na ɗauka ƙirga su zai nuna mini samfurin, ashe ba haka ba. Asalin tsarin, bindigar Browning ɗaya ce mai harsashi .303 a fiffiken hagu, matuƙi ke harba ta, sai bindigar Lewis ɗaya (daga baya Vickers K) a ɗan ɗakin gilashi mai juyawa a gadon bayan jirgin. Da wuta ta yi wuta, aka mayar da ta bayan Browning biyu, aka ƙara wata a ƙarƙashin hanci tana kallon baya, saboda ta nan jiragen Jamus ke lallaɓowa. Ka ga Mark IV biyu za su iya tsayawa kusa da juna, makamansu daban. Bindiga tana gaya maka lokaci ne, hanci kuwa samfuri.

Hoto na uku ne ya fi ba ni kunya. Akwai wani akwati maƙale a ƙarƙashin jirgin, wanda na ɗauka inuwa ce. Browning huɗu ne a ciki. Wato Mark IVF ne, na farautar jirage da rakiya, ba na jefa bam ba kamar yadda na rubuta. Na jefa bam ɗin kan ɗauki fam 1,000, kusan kilo 450, kuma igiyoyin roba ne ke riƙe da ƙofofin rumbunsa, nauyin bam ɗin ke bankaɗe su.

Ƙirgar nan ta sauya yadda nake kallon hotunan. Mutum uku ne a kowane jirgi, kariyarsu ta baya kuwa sau da yawa bindiga ɗaya tak. Ranar 17 ga Mayu 1940, runduna ta 82 ta sojojin saman Ingila ta tura Blenheim 12 zuwa Gembloux a Beljiyam, ɗaya ne ya dawo. Da na mayar wa Malam hotunan, kowanne da samfurinsa da yawan bindigoginsa, na daɗe ina kallon wani saurayi da ke tsaye kusa da ɗakin gilashin nan a hoto na farko, hularsa a hannu.