Kwaɗon da aka sa wa mangazar albasa

Ranar Alhamis na miƙa makullin buro a Tawa. Abokan aiki sun ce in bar wa masu zuwa baya ƴan kalmomi, ni kuwa duk lokacin da na ɗauki biro, takarda guda ce ke zo mini a rai, wadda na rubuta da hannuna wata bazara, lokacin da albasar Galmi da ta Tamaske ke cika motoci zuwa Abijan da Akara.

Shugabanmu na lokacin ya kira ni da safe. Ya ce kuɗin aiki sun ƙare, ga ƴan albasa suna kwasar dukiya a gabanmu, don haka in tsara takardar da za ta ɗora dala ashirin kan kowane buhu, wanda ya ƙi biya a rufe masa mangaza. Na ce: "Ranka ya daɗe, wannan haraji ne, kuma haraji ba na ofishinmu ba ne." Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, wanda muke aiki da shi a lokacin, ya bar wa doka, wato majalisar dokoki, ikon faɗin abin da za a yi wa haraji, da nawa ne, da yadda za a karɓe shi. Aya ta 28 kuma ta ce ba a raba mutum da dukiyarsa sai don amfanin jama'a, shi ma sai an fara biyan shi diyyar da ta dace. Duk na faɗa masa. Ya yi murmushi ya ce: "Ɗana, kar ka kira shi haraji. Rubuta gudummawa."

Na rubuta gudummawa. Kuma a saman takardar na sa layin nan da muke buɗe kowace takarda da shi, mai cewa an duba tsarin mulki. Mun mai da layin kamar laya, ana rataya shi ko ba a san abin da ke ciki ba. Ni ban da wannan uzuri, na san abin da ke ciki.

Yawancin ƴan kasuwa sun biya suna gunaguni, don mai albasa ba ya da lokacin gardama. Wani dattijo guda ya ƙi. Ya ce yana biyan patanti, wato harajin sana'a, yana da lambar haraji, yana da rajistar kasuwanci, a nuna masa dokar da ta haifi wannan. Aka sa wa mangazarsa kwaɗo da kaya a ciki. Wanda ya san zafin Tawa a watan Afrilu ya san abin da ke samun albasa a ɗakin da iska ba ta shiga. Kafin mako biyu maƙwabta sun fara toshe hanci.

Ɗansa, da ke karatun shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ya rubuto mana takardar ƙorafi. Yaron bai yi kuskuren da na ga manya na yi ba, na cewa za su kai mu Kotun Tsarin Mulki. A lokacin, waccan kotu dokokin majalisa take aunawa, ba ƴar takardar ofis ba, kuma ɗan kasuwa ba ya shiga can kai tsaye. Ya ce idan ba a janye ba zai je Konsai Deta, babbar kotun da ke sauraron ƙarar hukumomin gwamnati a lokacin, ya nemi a soke ta don an wuce iyakar iko. Shafi biyu ne kawai, kuma hujjojin da ke ciki su ne waɗanda na faɗa da baki a wancan safiyar, kusan kalma da kalma. Na karanta ina jin kunya da wani abu mai kama da hassada.

Takardar ta kai sama, sama ta yi waya, aka janye gudummawa cikin kwana uku. A taron da aka yi bayan nan, shugaba ya ɗaga daftarin ya nuna haruffan sunana a gefe, ya ce shi ba masanin doka ba ne, abin da masani ya ba shi ya sa wa hannu. Na buɗe baki in ce na gargaɗe shi. Gargaɗin yana ina? Ba shi a cikin dosiye, ba shi a rajista. Na yi shekara biyu a ɗakin ajiyar takardu, shi kuwa aka ƙara masa girma kafin damina. Na daina cewa abin ba ya damuna, don yana damuna.

Dattijon ba a biya shi ko tamma ba. Soke takarda abu ɗaya ne, neman diyya wata shari'a ce daban, mai cin kuɗin lauya da na mota, kuma ya ce ya gaji. Wannan ne ban koya a lakkwal ba: an koya mana cewa iyakar iko tana nan, kuma gaskiya ne tana nan, amma alƙali yana isowa ne bayan kaya sun ruɓe. Wurin da za ta iya tsare buhun mutum tun da sauran amfani shi ne teburin mai tsara daftari, kuma a ranar teburin nawa ne.

Tun daga nan ban sake ƙin wani umarni da baki ba. Nakan rubuta, in sa kwanan wata, in sa sakatariya ta buga hatimi a kan kwafina. Sau huɗu na yi haka, sau uku maganar ta mutu a nan, ba tare da kowa ya ce mini na gode ba. Na kuma koyi tambayar wace doka ce ta ba mu wannan iko kafin in tambayi ko abin yana da kyau, da cewa canza wa haraji suna ba ya canza shi. Bayan 26 ga Yuli 2023 an jingine wancan tsarin mulki, layin farko na takardunmu ya canza, sai dai har yanzu akwai layin farko, kuma har yanzu wani ne ke buga shi.

Bara na haɗu da dattijon a bakin kasuwa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce: "Baba, ni ne na rubuta takardar nan." Ya dube ni ya ce ya sani tun tuni. Ya sa yaronsa ya auna mini tiya guda ta albasa, ya karɓi kuɗinsa cif.